Kwampuresar Hajiya da abin da na fita da shi daga atilye

Ƙarshen watan nan nake barin atilyen da na koyi gyaran firigo, kuma tunda yaran da suka shigo bayana suna tambayata me ya kamata su riƙe, gara in rubuta a wuri ɗaya. Duk wanda ke sana'ar nan a Maraɗi ya san yadda take: hannun da ya taɓa inji a ƙarshe shi ake ɗora wa laifi, ko da cutar ta girmi zuwansa.

Maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta kwanjelatar wata Hajiya a unguwar Zariya, mai saida ƙanƙara da zoɓo. Cikin azumi ne, a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma ƙanƙara ke tsada kafin shan ruwa. Ƙorafinta shi ne injin ba ya tsayawa dare da rana. Na duba, termosta, wato makunnin da ke tsayar da inji in sanyi ya isa, ya manne, ba ya yanke wuta ko kaɗan. Na sa sabo na kwanjelata, ba na firigo ba, na maida siririn bututunsa cikin gurbinsa, na jira har ya yanke ya sake kamawa, sannan na tafi. Washegari da rana ta kira: kwampuresa, wato motar da ke tura gas ɗin sanyi, na gurnani, sai ka ji ƙas, ta yi shiru, bayan 'yan mintoci ta sake. Ƙanƙararta duk ta zama ruwa.

Muka koma tare da maigida, mai atilyen. Bai buɗe jakar kayan aiki ba. Ya kasa kunne, ya ɗora tafin hannu a kan kwampuresa, ya janye da sauri saboda zafi, ya juyo gare ni a gaban matar da 'ya'yanta ya ce: "Kai yaro, ka ƙone wa baiwar Allah inji." Ya ce mata sai an sayi wata kwampuresa, ni kuma za a cire wani abu daga kuɗina. Na ce, "Maigida, a bar ni in auna tukuna." Ya ce shekarun da ya yi yana aikin nan sun fi shekaruna a duniya. Hajiya ta dube ni ta ce, "Ɗana, ai da ka bar mini shi yadda yake." Wannan maganar ta fi ta maigida yi mini ciwo, don ita da gaske ta yarda ni na cuce ta.

Da aka kawo injin atilye, bayan kowa ya tafi shan ruwa na ɗauko testa, abin auna wuta. Na cire murfin gefen kwampuresa, na zare rele mai tada ta da kiliksan mai yanke mata wuta in ta yi zafi, ƙafafu uku suka bayyana: C ta haɗaka, S ta naɗin wayar tashi, da R ta naɗin wayar aiki. Tsakanin C da R na samu om 11, tsakanin C da S om 17, tsakanin R da S om 28. Biyun farko idan an haɗa sun ba da na uku, wato naɗin wayar ciki lafiya lau. Na kankare fenti kaɗan a jikin ƙarfen na auna kowace ƙafa da jiki, babu inda wuta ke zurarewa. Sai na ɗauki relen na girgiza shi kusa da kunne. Yana kacau-kacau. Da na ɓalle shi, ɗan faifan da ke ciki, wanda ake kira PTC, ya tsage, gefensa ya yi baƙi, gutsattsarinsa suka zubo mini a tafin hannu.

A nan ne na gane abin da ya faru, kuma shi ne abin da nake so duk wani ɗan koyo ya fahimta. Termosta makunni ne kawai, ba shi da ikon ƙone naɗin waya. Amma tsohon da ya manne yana ɓoye cuta. Tunda injin ba ya tsayawa, ba ya bukatar tashi sai in an ɗauke wuta, kuma kafin a maido ta gas ya daidaita a ɓangarorin biyu, rele ya huce, tashi ya zo da sauƙi. Sabon termosta kuwa yana tsayar da injin ya tada shi sau da yawa a yini, da zafinsa. Relen da dama ya gaji sai ya kasa ba naɗin S wutar tashi, kwampuresa ta ja kuran mai yawa ba ta juya ba, kiliksan ya yi zafi ya yanke. Ƙas ɗin nan da ake ji, kiliksan ne ke ceton injin. Ƙari a kan haka, wutar gidan Hajiya da na auna daga baya da tsakar rana ba ta kai bolt 190 ba a maimakon 220, ga kuma doguwar waya siririya da aka ja daga ɗaki zuwa zaure.

Na sa wani rele, na bar kwampuresa ta huce sosai, na jona. Ta tashi tun bugun farko, bututun fita ya ɗau zafi, kafin sallar asham raɓa ta fara kama bangon ciki. Kuɗin rele bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin kwampuresa ba.

Da safe na nuna wa maigida faifan da ya fashe. Ya juya shi a hannu, ya ce dama ya yi zargin haka. Shi ya kai wa Hajiya injinta, shi aka yi wa godiya, kuma ban ji ya gaya mata cewa yaron bai ƙone komai ba. Tun ranar na fara kallon kwampuresocin da ke jibge a bayan atilye da wani ido. Na auna wasu daga ciki a ɓoye, kuma ba duka ne matattu ba. Masu su dai sun biya kuɗin sababbi, wasu ma har Kano aka aika aka sayo musu.

Sauran abubuwan ba su bukatar dogon bayani. In kana shakkar termosta, haɗa wayoyinsa biyu kai tsaye na ɗan lokaci. In kwampuresa ta tashi, matsalar tana wajensa ko wajen jonin da ka yi. Kada ka kashe inji ka kunna nan take, ba shi minti biyar. Ƙurar hunturu da ke toshe ragar baya tana sa kwampuresa zafi har kiliksan ya riƙa yankewa, kuma buroshi kawai take so. Karanta takardar da ke jikin kwampuresa kafin ka kusanto da wutar walda, don gas ɗin R600a yana kamawa da wuta, ba kamar gas ɗin R134a ba. Kada ka ƙara gas don kawai mai inji ya ce "gas ne ya ƙare". Gas ba ya ƙarewa sai in akwai inda yake fita.

Ba na musun cewa a hannun mutumin nan na koyi walda da cajin gas, kuma na gode masa a kan wannan. Amma testa da filas ɗin auna amfiya da kuɗina na saye su, don a atilyen ba a ɗauke su a bakin komai ba. Abin da ya cire daga kuɗina a wancan watan har yau bai maido ba, kuma ranar da zan je sallama zan tuna masa.