Kafin a sauke giya

Ƙarshen watan jiya na tattara sifanoni na bar garejin oga, na kama 'yar rumfata. Ba zan ce ban ƙaru da shi ba, a hannunsa na fara sanin kan inji. Amma duk wanda ya zauna wurin ya san al'adarsa: da direba ya ce giya ba ta shiga, kafin ya rufe baki an ce yara su kawo jak. Sauke giyabos yini ne guda, kuɗin aikinsa kuma ya ninka na canza robar da ke riƙe man kuloci sau da yawa. Lissafin ke nan.

Abin da ya raba mu wata Hiace ce mai jigilar Kano zuwa Zariya. Direban ya ce da safe sai ya yi kokawa kafin wan, wato giya ta ɗaya, ta shiga, ribas kuwa sai ta yi ƙara kamar ana markaɗe. Na hau, na kashe inji, na zagaya giyoyin duka, suka shiga sumul. Na tayar, suka ƙi. Wannan kaɗai ya isa ya wanke giyabos: in haƙora ko sandunan giya ne suka lalace, ko inji na kashe za ka ji tauri. Tunda sai inji na juyawa take ƙi, kuloci ne bai saki gaba ɗaya ba. Na taka feda sau da yawa da sauri, giya ta faɗa. Na leƙa ƙasa, masta ta ƙasa, wadda ke tura kuloci da ƙarfin mai, jiƙe da man birki.

Na ja oga gefe, ba a gaban mai mota ba, na ce, "Oga, ina ganin roba ce ta mutu, farantin kuloci lafiyarsa ƙalau." Sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Kai ne ogan ko ni? Yaushe aka haife ka?" Aka sauke giya. Aka tura direba Ƙofar Ruwa ya sayo faranti da firesha, wato abin da ke matse farantin. Tsohon farantin da muka ciro ko rabi bai ci ba, na ga inda aka ajiye shi, na kuma ga motar da aka ɗaura wa daga baya.

Ba a jima ba motar ta dawo da ciwonta. Oga ya dubi direban ya ce yaron nan ne bai cire iska daga man kuloci da kyau ba. Ni ke nan. Ya sa aka canza robar da na nuna tun farko, ya sake karɓar kuɗi, direban kuma ya tafi yana hararata. Har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji.

Don haka duk motar da ta shigo rumfata, sai na gama da abin da ke waje kafin in taɓa na ciki. Man kuloci, masta ta sama da ta ƙasa, kebul in irin Golf 3 ce mai kebul, sannan bushin sandar giya. Ribas ita ce ke fara kai ƙara, domin a yawancin tsofaffin motoci ba ta da sinkuro, zoben da ke daidaita gudun giya kafin ta shiga, da zai rufa mata asiri. In kuwa giya ɗaya tak ke ƙara, galibi tu, wato ta biyu, sauran lafiya, to nan ne ake zargin sinkuro.

Farantin da ya cinye da gaske ba ya ɓuya. Inji na ihu a hawa, mota ba ta ƙara gudu, ga ƙaurin ƙuna. Ja birkin hannu, sa fo, giya ta huɗu, saki feda a hankali: lafiyayyen kuloci zai kashe inji nan take.

Ƙara in ka taka feda, rilis biyarin ne, wato biyarin da ke danna firesha. Ƙara a firi da ke ɗaukewa in ka taka, ta cikin giyabos ce. Giya mai fita da kanta, duba mazaunin inji tukuna. In ka ciro faranti ka gan shi da mai, canza sil ɗin bayan inji, in ba haka ba sabon ma haka zai jiƙe.

Tsohon kayan da na ciro kuma a but ɗin mai mota nake sa masa, ya tafi da abinsa.