Daga Kawo zuwa Jos da jitar bes a kan cinya

Ranar Laraba da daddare kira ya shigo daga Jos. Mai kaɗa wa wata ƙungiya jitar bes ya yi tafiyar gaggawa, ga liyafar aure ranar Asabar a Rayfield, suna neman wanda zai riƙe masa. Irin ƙungiyoyin nan ne da ke kaɗa waƙoƙin da jama'a suka riga suka sani, daga hailaif da rege zuwa makosa da na zamani.

"Oga, kafin in ce to," na ce wa shugabansu, "turo min jerin waƙoƙin da ki ɗin kowace, da rikodin na wasanku na kwanan nan, ko da na waya ne."

Ki shi ne matakin muryar da ake ɗora waƙa a kai. Rikodin ɗin ya fi jerin amfani, domin babu ƙungiyar da ke kaɗa waƙa yadda take a faifai. Kowa da mashigarsa, da wurin da yake yanke kiɗa ya bar murya ita kaɗai, da yadda yake rufewa, kuma a waɗannan gaɓoɓi uku ake gane ɗan aro. A wannan kiran muka gama maganar kuɗin aiki, da na mota, da masauki, da ko ina da kaso a liƙi, da kalar kayan da za a saka. Maganar da aka bari sai bayan an tashi biki, da wuya ta ƙare da daɗi.

Waƙa 42 aka turo. Na ware waɗanda layin bes ɗinsu shi ne waƙar, wato jama'a za su gane idan an canza shi. Waɗannan tara ne, na haddace su sauti da sauti. Sauran na rubuta su da lamba a kati, ɗaya ga kowace waƙa: 1, 4, 5, 1, maimakon haruffan sauti C, F, G, C. Makaɗan situdiyo na Nashville a Amurka suka yaɗa wannan tsari tun ƙarshen shekarun 1950, mu kuma a nan da do, fa, so muka fi kiransa. Duk ki ɗin da mawaƙi ya koma, lambar tana nan, hannu kawai za a matsar.

Daren Juma'a na duba jitar. Hunturu yana busar da katakon wuyanta har bakin ƙarafunan firet, waɗanda ke gicciye a wuyan, su fito suna kartar yatsa, lanƙwasar wuyan ma tana motsawa. Ana danne tsirkiya a firet na farko da na ƙarshe, a dubi tazarar da ta rage a kan na bakwai ko na takwas. Kaurin katin kasuwanci ake so, kimanin milimita 0.3. In ta yi yawa a ɗaure sandar ƙarfen cikin wuyan da alanki, in babu ita sam a sassauta, rubu'in juyi kawai a lokaci guda, sannan a bar ta ta kwana. Wanda ya yi wannan gyara awa ɗaya kafin wasa, katakon zai ci gaba da motsi yana kan dandamali. Sabbin tsirkiyoyi ma ban saka ba, don sukan kwana biyu suna miƙewa. Tsohon saiti na naɗe na jefa a jaka saboda ko ɗaya za ta tsinke.

Da asubar Asabar a tashar Kawo ta Kaduna, ɗan kamasho ya miƙo hannu zai karɓi jakar.

"Malam, kawo a sa a but."

"A'a ɗan'uwa, wannan da ni za ta zauna. Nawa ne kujerar gaba gaba ɗaya?"

Kuɗin mutum biyu na biya. Jitar bes doguwa ce, inci 34 tsakanin maɗaurin tsirkiya na sama da na ƙasa, ga kai ga jiki, kuma idan buhu ya hau kanta a but, kai ne ke fara karyewa. Na tsayar da ita tsakanin ƙafafuna, wuyan a kafaɗa, na nisanta ta da gilashi saboda rana. A ƙaramar jaka akwai wayar jita biyu, da na'urar saita tsirkiya, da akwatin DI mai kai sautin jita kai tsaye zuwa mikisa, wato na'urar haɗa sauti, da batir mai bolt 9, da doguwar wayar wuta, da tef, da ƙaramar tocila. Amfilifaya ban ɗauka ba, sun ce akwai tasu.

Muka karya kwana a Mararrabar Jos, hazo ya rufe gonaki, na toshe kunne da rikodin ɗinsu. Daga nan har Pambeguwa abu ɗaya nake saurare, ƙafar mai ganga. Wannan mutum a rege babbar gangarsa a bugu na uku kawai take sauka, yana barin na farko fayau, a makosa kuwa yana ɗan gaba da kiɗan kamar mai jan akuya. Na riƙa sa alama a katunan da fensir, motar na tsalle rubutun na karkacewa. A Saminaka aka tsaya shan mai, buhunan masara jibge a bakin titi, na sha shayi na ɗumama yatsu. Bayan Jengre hanya ta fara hawa, iska ta canza, duwatsu suka fito ɗaya bisa ɗaya. Muka wuce Mista Ali, muka shiga gari ta Farar Gada wajen sha ɗaya.

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma sanyinta na Disamba yana shiga ƙarfe. Da na isa zauren na buɗe jakar na bar jitar ta sha iskar wurin na rabin awa kafin in taɓa maɗaurai, in ba haka ba sai a saita ta sau uku. A kan A 440, ma'aunin da aka saba saiti da shi, na saita, kowace tsirkiya daga ƙasa na hauro da ita, don wadda aka sauko da ita daga sama tana zamewa.

Ina jona waya sai lasifika ta ɗauki gurnani. Wutarmu mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, wannan ƙarar ita ce muryarta. Dalili biyu na samu. Amfilifaya tana kan soket ɗin bango, mikisa kuma tana can baya a kan wani layin, wayar ƙasa ta wutarsu ta bambanta. Maɓallin ɗage ƙasa na jikin akwatin DI ya kashe wannan nan take. Kada a yarda wani ya ce a cire ƙafar ƙasa ta fulogi, domin ita ke tsare mai riƙe da tsirkiyar ƙarfe daga jan wuta. Ragowar ƙarar daga jitar take. Tawa ƙirar Jazz Bass ce, wadda Fender ya fito da ita a 1960, mai maɗaukan sauti biyu, kuma sai an buɗe su daidai da juna suke kashe ƙarar junansu. Na mayar da duka biyun ƙarshe, wurin ya yi tsit.

Zauren tayil ne da gilashi, ga amfilifaya an cusa ta a kusurwa, kowane sauti sai ya kumbura ya haɗe da na bayansa. Muka jawo ta taku biyu daga bango, na rage sautin ƙasa wajen zagaye 250 a daƙiƙa, na ƙara kaɗan a na 800 don a ji bakin yatsa. Na tsaya ta hagun mai ganga, inda nake ganin ƙafarsa.

"Yaya, in za ka rufe waƙa, wace alama kake yi?" na tambaye shi.

"Ka dubi Oga. In ya dunƙule hannu, zagaye ɗaya ya rage. In ya juya yatsa, a maimaita. Ni kuma zan ɗaga maka gira."

Gwajin minti 25 muka samu, muka kashe shi a kan mashiga da marufa kawai. A nan mawaƙiyar ta ce ƙura ta kama mata maƙogwaro, a sauke mata waƙa uku daga F zuwa E-filat. Katin lamba bai damu ba, amma jita mai tsirkiya huɗu, E, A, D, G, ba ta da E-filat na can ƙasa. Mai tsirkiya biyar yana da B a ƙasa, ba ruwansa. Ni zaɓi biyu gare ni: in kama shi a firet na shida na tsirkiyar A, nauyin ya ragu, ko in sauke tsirkiyar E zuwa D, komai na kanta ya matsa firet biyu. Na ɗauki na farko, don waƙoƙin a tsakiyar jeri suke, babu sararin sake saiti.

Kuskure ɗaya ya faru da dare, kuma tarkon da ke kama 'yan aro da yawa ne. Aka shiga wata waƙa da ba ta cikin jerin, wani daga dangin ango ya roƙa. Na kai ido hannun hagun mai kibod, na ga yana kan C, na bi shi, sai sautina ya yi karo da nasa. Ashe ya danna maɓallin sauya ki, yatsunsa na kan C, abin da ke fita kuma D ne. Na ɗauke hannu na bar bugu huɗu suka wuce, na lalubo tushen da kunne a kan tsirkiya ɗaya, na dawo a farkon zagaye. Shirun bes na daƙiƙa biyu ba ya tayar da kan kowa, amma sauti ɗaya da ya kauce har masu rabon abinci suna jin sa.

Da aka fito liƙi, zagaye ɗaya na do, fa, so muka riƙe fiye da minti ashirin, mawaƙiya na kiran dangi ɗaya bayan ɗaya. Nan ne hannu ke ƙagewa idan ana fizgar tsirkiya da ƙarfi. Sai a ƙara murya a amfilifaya, a taɓa a hankali, yatsa biyu suna karɓa-karɓa, kuma a bar layin yadda yake, domin ƙafafun masu rawa a kansa suke. Kwalliya sai inda mai ganga ya buɗe ƙofa, sau ɗaya a zagaye takwas ma ya isa. Wajen sha ɗaya janareto ya yi tari, amfilifaya ta ɗauke na ɗan lokaci, amma da yake DI ɗin kafin ita yake, bes bai bar manyan lasifikoki ba.

Da safe kafin mota ta cika, na ɗauki hoton katunan nan uku da aka sauke wa ki, da sunan waƙar da aka roƙa da ki ɗinta na gaskiya, na tura wa Oga ya ajiye wa mai gurbin, tunda Asabar mai zuwa shi zai tsaya a wurin. Na sake biyan kujerar gaba, na zare batir daga na'urar saiti, muka gangara Jengre hazo bai gama tashi ba.