Minti huɗu na hasken Orion: inda na kai a wannan hunturu

'Yan uwa masu koyo, sallama. Wata uku ke nan da na sayi madubin hangen nesa, amma sai daren Juma'ar da ta wuce na samu hoton da zan iya miƙa wa mutum ya gane abin da ke ciki ba tare da na yi masa bayani ba. Ga yadda aka yi.

Kayana ba su da yawa. Madubin na hannu ne, irin mai gilashi a gaba, faɗin bakinsa milimita 80, tsawon hangensa milimita 400. Kyamarar tsohuwar DSLR ce, irin wadda ake cire mata gilashin gaba, da ƙanena ke ɗaukar hoton biki da ita, sai zoben ƙarfe da ke haɗa ta da madubin, da rimot mai waya, da ƙafa uku ta masu hoto. Ba ni da injin bin taurari, kuma wannan rashin shi ya tsara duk abin da zan faɗa.

Na zaɓi M42, gajimaren iskar gas da ƙura da ke ƙasa da taurarin nan uku masu jere na rukunin taurarin da ake kira Orion. Lambar ta fito ne daga jerin abubuwa 110 da ke ɗauke da sunan Charles Messier na Faransa. Haskensa yakan yi kusan shekara 1,350 a hanya kafin ya iso mu. Daga Kano yana hawa sama da digiri 70 idan ya kai ƙololuwa, kuma a watan Janairu hakan na faruwa wajen ƙarfe goma na dare, ba sai mutum ya kwana a waje ba.

A daren farko na bar kyamara a buɗe daƙiƙa goma. Taurari suka fito kamar tsinken tsintsiya. Duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa, madubi kuwa yana ƙara girman wannan motsi kamar yadda yake ƙara girman komai. Na rage zuwa daƙiƙa ɗaya, suka koma kamar ƙwayar shinkafa. Sai a rabin daƙiƙa suka yi kusa da ƙwayar gero, a nan na tsaya, da ISO 3200, wato ma'aunin ƙarfin kama haske na kyamara.

Hoto ɗaya na rabin daƙiƙa ba abin kallo ba ne. Baƙi ne ƙirin, da ɗan fari a tsakiya, sai yayyafi irin na talabijin idan babu tasha. Dabarar ita ce a ɗauki ɗaruruwa a ɗora su kan juna da kwamfuta. Idan kwamfuta ta daidaita su, hasken gajimaren yana wuri ɗaya a kowane hoto, yayyafin kuwa sauya wuri yake yi, don haka idan aka tara su hasken na tsayawa, yayyafin na lafawa. Sai dai lissafin ba ya tafiya kai tsaye: hoto 4 na ninka tsabta sau 2, hoto 100 sau 10, hoto 400 sau 20. Duk wanda ya riƙe wannan ba zai ɗauki hoto 30 ya koma ɗaki yana zargin madubinsa ba.

Abin da ya fi cin lokacina a Disamba shi ne hazo. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, ba rufe taurari kawai take yi ba. Tana kama hasken fitilun gari ta watsa shi a sama, sai bayan hoton ya fito ruwan ƙasa kamar kunun tsamiya. Dare uku na ɓata a kan soron gidanmu kafin na samo ma'aunin da nake amfani da shi yanzu. Bayan Isha'i nakan ɗaga kai in nemi Kaza da 'Ya'yanta. Idan na ƙirga taurari shida a cikinta da idona, na fito da kaya. Idan ta zama ɗan dishi-dishi kawai, ko buɗe jaka ba na yi. Ga kuma kalandarmu ta Musulunci, wadda ta sauƙaƙa mana abin da wasu ke nema a manhaja: daga wajen 25 ga wata zuwa 3 ga sabo, farin wata ba zai dame ka da farkon dare ba, in ban da ɗan jinjirin da ke faɗuwa da wuri.

Ranar Juma'ar nan duka biyun suka haɗu, iska ta kwanta kwana biyu, wata ya kai 27. Na tafi ƙauyen kakanninmu, na kafa ƙafa uku a bayan rumbuna inda ba fitila ko ɗaya. Kawuna ya fito lulluɓe da bargo, ya ce, "Ɗan nan, me kake nema a sama cikin wannan sanyi?" Na ce, "Kawu, zo ka gani." Na nuna masa allon kyamara, na ƙara girman tsakiyar gajimaren har taurarin nan huɗu da ake kira Trapezium suka rabu. Ya daɗe yana kallo, ya ɗaga kai ya dubi wurin da ido, ya ce, "Subhanallahi, ashe ba ɗaya ba ne." Ya jawo turmi ya zauna, bai tashi ba har na gama.

Maganar fokas, kada ku yarda da idonku. A ƙaramin allon kyamara komai kamar ya yi daidai, sai ka je kwamfuta ka tarar da taurari sun kumbura. Na yanka murfin Bahtinov da kwalin taliya da reza, wato faifai mai tsage-tsage ta fuska uku da ake ɗorawa a bakin madubi. Idan ka auna tauraro mai haske kamar Rigel, za ka ga layuka uku, biyu sun gitta juna, na uku yana matsawa yayin da kake juya fokas. Da ya zauna a tsakiyarsu, ka cire kwalin ka bar hannunka. Ka sake dubawa bayan awa ɗaya, domin sanyi na tsuke bututun ƙarfen, fokas ya goce.

Na ɗauki hoto 600. Kowane minti biyu sai na tura madubin kaɗan, domin gajimaren na silalewa zuwa gefe. Daga nan na rufe bakin madubin na ɗauki hotunan duhu 50, da ISO ɗaya da tsawon lokaci ɗaya, don kwamfuta ta san yayyafin da kyamarar ke haifarwa da kanta ta cire shi. Bayan Asuba, da gari ya fara wayewa, na ɗaura farar singileti a bakin na ɗauki hotunan fari 30. Waɗannan su ne maganin ƙurar da ta zauna a kan sensa, wato faifan da ke kama haske a cikin kyamara, wadda ke fitowa kamar zobba masu duhu, da kuma duhun kusurwoyi. A wani yunƙuri na baya na cire kyamarar kafin in ɗauke su, fokas ya motsa, suka ƙi yin aiki. A wannan karo na lulluɓe kayan da zani na bar su a haɗe har safe. Kuma don Allah kada ku goge gilashi da bakin riga a hunturu. Ƙurar nan tana karce shi. Ku sayi abin busa iska na roba.

Da Siril na tara su, manhaja ce ta kyauta. Hotunan RAW ɗin, wato ɗanyun hotunan da kyamara ba ta sarrafa ba, sun cinye kusan gigabait 15, manhajar ta buƙaci ninkin haka don aikinta, sai da na kwashe kaya daga kwamfutar. Na zubar da hoto 120 da iska ko hannuna suka girgiza, saura 480, wato haske na minti huɗu cif. Da aka gama, allon baƙi ne har yanzu. Sai da na fara jan hasken a hankali, fukafukan gajimaren suka buɗe hagu da dama, ja-ja mai sirkin ruwan toka. Jan nan na iskar haidurojin ne. A shekarar 1880, a Amurka, Henry Draper ya ɗauki hoton wannan gajimare na farko a tarihi, da madubi mai inci 11, ya bar farantin ɗaukar hoto a buɗe minti 51. Na tuna da shi ina kallon nawa, na yi hamdala.

Aibin hoton a fili yake. Manyan taurari na da zobe mai launin shuni, domin gilashi mai hawa biyu ba ya tara dukkan launuka a wuri ɗaya. Gefen fukafukan ma ya narke cikin yayyafi. Na farkon zan zauna da shi, na biyun kuwa sai da injin bin taurari, wanda zai ba ni daƙiƙa 30 a hoto ɗaya.

A nan nake neman shawararku. Injin yana buƙatar a saita shi da tauraron arewa, Polaris, wanda tsayinsa a sama daidai yake da digirin nisan wuri daga layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. A Landan ya haura digiri 51, shi ya sa masu koyarwa daga can ke wuce wannan mataki da sauri. A Kano digiri 12 ne kawai, ƙasa-ƙasa inda hazo ya fi kauri, kuma a gidanmu katangar maƙwabci ta tare shi. Wasu ƙananan injinan ma idan aka kwantar da su ƙasa-ƙasa haka, ƙarfen nauyin da ke daidaita madubi sai ya bugi ƙafar, don haka ku tambaya kafin ku biya kuɗi. Ina so in warware wannan kafin Afrilu, lokacin da Omega Centauri, curin taurari mafi girma a galaksinmu, zai hau kusan digiri 30 a kudu, abin da mai zama a Landan ba zai taɓa gani daga gidansa ba. Wanda ya taɓa saita inji ba tare da ganin Polaris ba, ya gaya mini tauraron da ya bi da kuma mintin da abin ya ɗauke shi.