Jan Biro da Abin da Ya Janyo Mini

Mu shida ne a ofishina: lauyoyi huɗu har da ni, da akawu, da sakatariya. Yawancin aikinmu rubuta yarjejeniyar kasuwanci ne, da rikicin haya da na bashi, sai ɗaukaka ƙara jefi-jefi. Ranar da na buɗe ofishin, na ɗauka sanin doka kaɗai zai riƙe shi. Shi na iya, shi kuma aka koya mini.

Horon lauya kuwa na shakka ne. Ana koya maka kada ka yarda da magana sai da hujja, ka nemo ɓaraka a kowace takarda, ka titsiye mai shaida har sai ya yi tuntuɓe. A kotu wannan hali shi ke ciyar da kai. Matsalar ita ce ban san ajiye shi a bakin ƙofar kotu ba, da shi nake komawa ofis.

Duk takardar da ƙaramin lauya ya kawo mini, sai na bi ta da jan biro har ta koma kamar an yanka kaza a kanta. Wani lokacin ma ba na mayar masa, sai in zauna da dare in sake rubutawa da kaina, wai don ya fi sauri. A ganina inganci nake tsarewa. Ashe koya musu nake yi su yi shiru.

Na gane haka ne a kan wata ƙara da muka so ɗaukakawa. Ƙaramar lauyar da ke riƙe da fayil ɗin ta lura cewa lissafin wa'adin da na yi ba daidai ba ne, amma ta kasa faɗa mini. Wa'adi ya wuce. Sai da muka roƙi kotu ta ƙara mana lokaci, ni kuma na tsaya gaban mai ƙarar ina kame-kame. Da na tambayi lauyar dalili, cewa ta yi, "Yallaɓai, ban taɓa kawo maka gyara ka karɓa ba." Na so in yi mata tambayoyin ƙwaƙƙwafi irin na kotu, amma ban sami inda maganarta ta karkace ba.

Kada a ce ciwon ƙananan ofisoshi ne kawai. A 2012 kamfanin lauyoyi na Dewey & LeBoeuf na birnin New York ya durƙushe, shekara 5 kacal bayan haɗewar kamfanoni biyun da suka kafa shi a 2007. Ya taɓa tara lauyoyi sama da 1,000, cikinsu har da gwanayen da ake ji da su. Shugabanninsa sun yi wa wasu manyan lauyoyi alkawarin kuɗin da kamfanin ya kasa biya, bashi ya taru, amana ta zube, abokan tarayya suka riƙa ficewa tare da masu ba su aiki. Ofishin lauya ba shi da injina ko kaya a rumbu. Jarinsa mutane ne, kuma da ƙafafunsu suke tafiya.

Abin da na sauya ba shi da yawa, sai dai ya yi mini wuya. Kowane wa'adi yanzu mutum biyu ke lissafa shi, kowa daban. Ranar Litinin muna zama a kan fayil-fayil, kuma ni ne na ƙarshen magana, domin in na riga su, babu mai saɓa mini. Idan kuskure ya fita waje, nawa ne, babba juji ne. Gyara kuwa a ɗaki ake yi, mu biyu. Takarda ma na daina sake rubuta wa kowa. Tambayoyi nake jerawa a gefe in mayar, ko da hakan zai ci kwana biyu maimakon awa biyu. Wannan har yau yana sosa mini rai, ba zan ɓoye ba.

Makon jiya lauyar nan ta shigo da wata yarjejeniyar haya da na rubuta da hannuna, ta ce sakin layi na bakwai yana karo da na uku. Na duba, haka ne. Na jawo aljihun tebur, na miƙa mata jan biron.