Abin da Puppet da Ansible suka koya mini

Lokacin da na fara aikin kula da sabobi, wato kwamfutocin da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, da hannu muke saita kowace na'ura, kuma abin da aka yi mata yana kan wanda ya yi shi kaɗai, ta yadda idan ya tafi hutu sai sauranmu mu shiga lalube. Wannan matsala ce ta haifar da manhajojin da ke ajiye saitin na'urori a rubuce, tun daga CFEngine ta Mark Burgess a 1993, zuwa Puppet a 2005, da Ansible da Michael DeHaan ya fitar a 2012.

Da Puppet na fara. Ana girka wakilinsa, wato wata ƙaramar manhaja, a kowace saba, yana tuntuɓar babbar sabar da ke riƙe da rubutaccen tsarin duk bayan minti 30, kuma duk abin da ya ga ya saɓa wa rubutaccen tsari sai ya mayar da shi. Wani dare sabar wasiƙunmu ta daina aika saƙo, na gano kuskuren a fayil ɗin saitin Postfix, manhajar da ke aika imel, na gyara da hannu, na kwanta. Ban yi nisa da barci ba waya ta sake ƙara, domin Puppet ya dawo da fayil ɗin yadda yake, har da kuskuren. Sau biyu ina gyarawa yana warwarewa kafin na gane cewa ba sabar zan gyara ba, rubutaccen tsarin ne ke da laifi. Wannan naci da ya hana ni barci shi ne kuma babban amfaninsa, tunda babu wanda zai sauya saiti a ɓoye ya ɗore.

Ansible ya fi sauƙin koyo, ba ya buƙatar wakili, ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, yake shiga, kuma da wani tsarin rubutu mai suna YAML ake rubuta umarninsa, ko da yake tazara ɗaya da ta kauce a farkon layi tana iya cinye maka rabin yini. Rauninsa shi ne sai an tashe shi yake aiki, saboda haka sabar da aka manta da ita takan bauɗe daga tsari ba wanda ya sani.

Abin da ya fi ba ni tsoro a dukkansu shi ne sauri, domin kuskuren da a da zai tsaya a na'ura ɗaya yanzu yana isa ko'ina cikin mintuna. Shi ya sa duk rubutunmu ke cikin Git, manhajar da ke adana tarihin kowane sauyi, abokin aiki yana dubawa, sannan in gwada da --check, zaɓin Ansible da ke nuna abin da zai sauya ba tare da ya taɓa komai ba, in fara da saba ɗaya, musamman idan sauyin ya shafi SSH, ƙofar da nake shiga ta cikinta.