Taku uku tsakanin shinge da shinge

A Jidda aka haife ni, iyayena Kanawa ne da zama ya kama su bayan aikin hajji. Ina ɗan makaranta Hadi Su'an ya ciyo wa Saudiyya azurfa a gasar Olamfik ta Sidni a 2000, a gudun mita 400 na tsallake shinge. Ya yi daƙiƙa 47.53, Angelo Taylor na Amurka ya riga shi da 47.50. Ita ce lambar Olamfik ta farko da ƙasar ta taɓa samu. Yaran unguwarmu ƙwallo suka sa a gaba, ni kuwa tun daga nan shinge ya shiga raina.

Mai horar da mu, wanda muke kira Kyaftin kamar yadda ake yi a nan, ya duba tsawon ƙafata ya ce mita 110 ne nawa. Shinge goma ne, na manya tsayinsa santimita 106.7, tsakanin kowane biyu mita 9.14. A wannan ɗan filin taku uku kawai ake yi, na huɗu kana kan shinge. Sai an yi la'asar muke fita saboda zafi da gumin bakin teku, da azumi kuwa sai bayan tarawihi.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne daina tashi sama. Jiki yana tsoron katakon, sai ya ɗaga ka ya wuce kima, alhali duk lokacin da kake a iska ba gudu kake yi ba. Kyaftin yakan tsaya a gefe yana tafa hannu daidai da takuna, ya ce, "Yarona, ƙasa ce ke tura ka gaba, ka koma mata da wuri." Ƙafar gaba ta miƙe, ƙirji ya sunkuya kanta, ta baya ta buɗe a gefe ta biyo da sauri. Idon sawuna na hagu ya sha katako har ya yi baƙi. Ranar da takun ya zauna, da kunne na fara ganewa, ƙarar takalmina ta daidaita tun daga shinge na farko har na goma.

Wannan ya sa nake ganin girman Aries Merritt, ɗan Amurka mai gudun mita 110 na tsallake shinge, fiye da yadda masu kallo ke gani. Daga wurin tashi zuwa shingen farko mita 13.72 ne, ya saba cinye shi da taku takwas, sai ya koma bakwai. Na gwada, na san kuɗinsa: dole ka sauya ƙafar da kake tashi da ita, ka rushe abin da ka saba da shi shekara da shekaru. A 2012 ya ci zinare a Landan, sannan ya kafa tarihin duniya a Burasel da daƙiƙa 12.80. A 2015 ya ɗauki tagulla a gasar duniya ta Beijin ƙodarsa na gab da daina aiki, kwanaki kaɗan bayan haka aka yi masa dashen wadda 'yar'uwarsa ta ba shi.

Yanzu ƙananan yaran 'yan'uwa nake koya wa. Ba na fara su da shinge mai tsayi. Robobin ruwa nake kwantarwa a ƙasa, in matso da su kusa da juna daidai ƙafarsu, sai taku ukun ya zauna kafin in ƙara tazara ko tsayi.