Kwana huɗu a Girka, har da ɗakin bautar alhaki

Shekaranjiya na sauka Kano, har yanzu ƙurar Maraton tana jikin takalmina. Taron da ya kai ni Atina, babban birnin Girka, babu abin faɗa a kansa. Jami'in shige da fice dai sai da ya jujjuya koren fasfona kamar mai duba tsire ko ya gasu, ya tambaye ni ranar komawa har sau uku, ko fuskata bai kalla ba.

Hawa dutsen Akrofolis, inda tsoffin ɗakunan bautar Atina suke, Yuro 30 ne. Na buga lissafi da naira, na yi salati, na biya. Amma abin da ya tsaya mini a rai kyauta na gan shi, daga ƙasa: wasu manyan duwatsu kamar turame, a jere cikin katangar arewa. Guntayen ginshiƙai ne na wani ɗakin bauta da ba a gama gininsa ba sojojin Sarki Zaksis na Farisa suka banka wa garin wuta, a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da mutanen gari suka dawo daga gudun hijira, sai suka gina su cikin bango, inda mai cin kasuwa zai ɗaga kai ya gani. Na tuna yadda muke yanka filaye a kan badala, na yi shiru.

Washegari na ɗauki tasi zuwa Maraton, tafiyar kilomita 40. Direban ya ce Yuro 120, kuma su ba sa ciniki. Bakano ake gaya wa? A 90 muka daidaita, har da jira.

Filin ba wani abin kallo, sai tudun ƙasa mai tsayin kimanin mita tara. Ƙarƙashinsa Atinawa 192 ne da suka mutu a yaƙinsu da Farisawa a nan Maraton, a shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shekara goma kafin ƙone Atina. Masanin tarihinsu Hirodotus ya ce Farisawa 6,400 suka faɗi ranar. Na tambayi direba ina kabarinsu, ya ɗaga kafaɗa.

Shi ya nace mu ƙarasa Ramnus, can bakin teku, ba kowa sai mai gadi da iska. Nan ne kufan ɗakin Nemesis, abar bautarsu mai hukunta girman kai. Mu muna cewa alhaki kwikwiyo ne, su har ɗaki suka gina masa. Wai Farisawa, don tabbacin nasara, da dutsen marmara suka taho a jirgi, wanda za su kafa alamar cin yaƙi. Da aka kore su, da wannan dutsen aka sassaƙa gunkinta. Guntun kanta yanzu yana Landan, kamar yadda aka saba.

Direba yana ba ni labarin yana hura hanci, kai ka ce kakansa ne ya yi sassaƙar. Bakina bai iya shiru ba. Na ce masa ai su ma Farisawa da hujjarsu suka zo: a 498, shekara takwas kafin yaƙin Maraton, Atinawa na cikin waɗanda suka ƙone birnin Sadis da ke ƙarƙashin mulkin Farisa, ɗakin bautar garin ya tafi a gobarar. Sannan a 330, shekara 150 bayan ƙone Atina, Iskandar, sarkin Makidoniya, ya cinna wa fadar Farisawa ta Fasifolis wuta, wai ramuwar Atina. Kowa ya kunna tasa da sunan abin bautarsa, Nemesis kuma ɓangare ɗaya take gani.

Ya ɗaure fuska, na ce yau a daji zai ajiye ni. Ashe gidan mahaifiyarsa ya nufa. Tsohuwar ta kawo ɓaure da zaitun da gahawa mai ɗaci a ɗan mitsitsin kofi. Ina cewa "Mama, na ƙoshi" tana ƙarawa. Har kwalbar man zaitun ta cusa mini a jaka. Wannan kam ko a Dawanau sai haka.

Tsibirin Salamis, inda jiragen ruwan Zaksis suka karye a yaƙi, daga nesa na hango. Ranar ƙarshe ruwa ya wuni. Man zaitun ɗin na manta shi a jakar hannu, aka ƙwace a filin jirgi.